Tarar da ake ci wa kamfanonin gem kan hannun wasa mai zamiya: a kan me ake cin ta, kuma wa take amfana?

"Assalamu alaikum, Malam. Na saya wa yarana na'urar wasan bidiyo, amma cikin shekara biyu hannu uku muka canza, kuma duk ciwon iri ɗaya ne: ɗan wasan da ke kan allo sai ya kama tafiya shi kaɗai alhali ba wanda ya taɓa sandar. Na ji ana cewa hukumomi a wasu ƙasashe suna cin tarar kamfanonin nan. Shin a kan wannan lalacewar ce ake ci musu tarar? Ina kuɗin yake zuwa? In kuma da gaske ana cin su tara, me ya sa har yau matsalar ba ta ƙare ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambaya uku ka haɗa a wuri ɗaya, kuma ta farkon ita ce ke buɗe sauran, don haka da ita zan fara. A mafi yawan ƙasashe, kaya ya lalace ba laifi ba ne da hukuma za ta ci tara a kai. Kaya in ya lalace, bashi ne ya hau kan wanda ya sayar maka: ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar maka da kuɗinka. Tara tana shigowa ne daga wata ƙofar daban, wato lokacin da aka kama kamfani ya san da aibin ya yi shiru, ko ya faɗa wa masu saye abin da ba haka ba game da haƙƙinsu, ko ya yi amfani da ƙarfinsa a kasuwa ya toshe wa wasu hanya. In ka riƙe wannan bambanci, duk labaran da kake ji za su zauna maka daidai.

Ni dai sana'ata gyaran kayan lantarki ce, na kuma daɗe ina buɗe hannayen gem iri-iri. Ba lauya ba ne ni. Abin da zan faɗa ta ɓangaren doka abin da hukumomi da kotuna suka bayyana wa duniya ne, wanda na bibiya saboda ya shafi aikina kai tsaye. Dokar ƙasar da ka sayi kayanka ita ce ke aiki a kanka, ba ta Faransa ko ta Amurka ba, ko da yake daga can mafi yawan misalan za su fito.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin sandar

Ciwon da ka bayyana Turawa suna ce masa drift, ni kuwa zamiya nake ce masa. A ƙarƙashin kowace sandar analog akwai ma'auni guda biyu, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa. Aikinsu irin na abin murɗa sautin tsohuwar rediyo ne: wani ɗan siririn ƙarfe yana gogar wata shimfiɗa ta baƙin sinadarin kabon, kuma inda ƙarfen ya tsaya shi ke ƙayyade yawan lantarkin da ke fita. Na'ura ba ta ganin yatsanka, wannan lantarkin kawai take karantawa. In ya nuna tsakiya, ta ce sanda na tsaye. In ya ɗan kauce, ta ce an tura.

To ka ga ke nan duk juyin da yaro ya yi, ƙarfe ne ke kankare kabon. A hankali shimfiɗar ta sami gurbi, garin da ya kankaru ya taru a gefe, ƙura da maiƙon hannu su shiga su haɗu da shi, sifirin da ke mayar da sanda tsakiya shi ma ya saki. Daga nan sai lantarkin ya daina komawa daidai tsakiya, na'ura kuma ta ci gaba da gaskata shi. Masu ƙera wasa sun san da haka, shi ya sa suke barin wata 'yar da'ira a tsakiya wadda motsin cikinta ba a lissafa shi. Ranar da kuskuren ya fi ƙarfin da'irar, ranar ɗan wasa zai fara tafiya shi kaɗai.

A watan Fabrairun 2021 kamfanin iFixit, wanda ya yi suna wajen warware na'urori da koyar da gyara, ya buɗe hannun DualSense na PlayStation 5. Ya nuna cewa sandar cikinsa ta kamfanin Alps ce na Japan, irin wadda ake samu a hannayen manyan kamfanoni da dama, kuma takardar bayanan irin wannan sanda ta ba ta rai na juyi miliyan 2. Suka lissafa: in mai wasa yana juyi 80 a minti ɗaya, zai cinye wannan adadi cikin awa 417. Yaron da ke wasa awa biyu kullum zai kai can cikin kusan wata bakwai. Wannan ba yana nufin kowace sanda za ta mutu a ranar ba, wasu suna wuce haka nesa. Abin da lissafin ya nuna shi ne, an ɗora abu mai ƙarewa kamar takalmin birki a cikin kayan da ake sayarwa kamar zai yi shekaru, sannan aka manne shi da dalma a jikin allon ciki yadda mai shi ba zai iya cire shi ya sa wani ba.

Shi kansa Nintendo, kamfanin da ke ƙera na'urar wasan Switch, bai musanta gogayyar ba. A 2021, a wata hira da kamfanin ya wallafa lokacin fitar da Switch mai allon OLED, wani babban jami'insa mai suna Ko Shiota ya kwatanta sandar da tayar mota, wadda dole ta ci tunda kullum tana gogar ƙasa. Maganar gaskiya ce ta fuskar injiniya. Sai dai mai mota ya san taya tana ƙarewa tun ranar da ya saya, kuma an yi motar yadda za a kwance tayar a ɗaura wata. Mai sayen hannun gem ba wanda ya gaya masa haka. A nan ne ainihin rigimar doka take.

Labarin Joy-Con, da abin da ya haifar

Switch ya fito ne a watan Maris na 2017, kuma ba a daɗe ba koke ya fara yawa kan 'yan ƙananan hannayensa, wato Joy-Con. Sandarsu ta fi ta sauran sirantaka, ma'auninta a kwance yake a kan wani lallausan allo, amma tushen ciwon ɗaya ne. A watan Yulin 2019 aka shigar da ƙarar taron dangi a wata kotun tarayya da ke jihar Washington ta Amurka, kuma cikin 'yan kwanaki labari ya fito cewa kamfanin ya umarci ma'aikatansa a can su riƙa gyara zamiya kyauta ko da garanti ya ƙare. A watan Yunin 2020 shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba masu saye haƙuri a taron masu hannun jari.

A Turai ƙungiyoyin kare masu saye ne suka ɗauki maganar. UFC-Que Choisir ta Faransa ta sa ƙwararru suka bincika hannayen, suka ce abu biyu ne: allon ciki yana saurin cinyewa, kuma rufin sandar ba ya hana ƙura shiga. A watan Satumban 2020 ta kai ƙara tana zargin an gajarta ran kayan da gangan. A watan Janairun 2021 kuma BEUC, uwar ƙungiyoyin masu saye ta Turai, ta kai maganar gaban Hukumar Tarayyar Turai ɗauke da koke kusan 25,000 daga ƙasashe daban-daban, ta ce a cikin kashi 88 cikin ɗari na waɗannan koke-koke hannun ya lalace ne kafin ya cika shekara biyu. A Birtaniya ma ƙungiyar Which? ta yi nata gwajin a 2022, ta tarar da alamun cinyewa a wuraren da ƙarfen ke gogawa, ta ce aibin daga ƙira yake.

Abin da ya fito daga Hukumar Tarayyar Turai a watan Afrilun 2023 ba tara ba ne. Alkawari ne: Nintendo ya amince zai gyara Joy-Con mai zamiya kyauta a ƙasashen yankin, ko da garantin wata 24 ya wuce, ko da kuwa yawan amfani ne ya jawo lalacewar. Birtaniya da Suwizalan ma sun shiga ciki. A ganina wannan alkawari ya fi kowace tara amfani ga mai hannu a gida, domin shi ne kaɗai ya isa hannunsa. Amma ka duba tsawon lokacin: shekara shida daga fitowar na'urar. Iyaye nawa ne suka riga suka sayi hannu na biyu da na uku a wannan tsakanin, kamar yadda ka yi?

Me ya sa zargin ganganci yake da wuyar kamawa

Faransa ce ta yi fice wajen mayar da gajarta ran kaya da gangan laifi na hukunci. Dokarta ta 2015 ta tanadi ɗaurin shekara biyu da tarar yuro 300,000, kuma ana iya ɗaga tarar har zuwa kashi 5 cikin ɗari na matsakaicin cinikin kamfani na shekara. A takarda doka ce mai haƙora. A kotu kuwa, sai mai ƙara ya tabbatar da niyya. Ba ya isa a nuna cewa sanda tana mutuwa da wuri, sai an nuna kamfani ya nufi ta mutu da wuri. Kamfani kuma yana da amsa a shirye: mun zaɓi wannan sandar ce saboda ƙanƙanta da sauƙin kuɗi, kowa ma ita yake amfani da ita, kuma muna ta inganta ta. Wace takarda ce za ta ƙaryata wannan, in ba an samu wasiƙar cikin gida da ke cewa a bar shi ya lalace ba? A 2021 majalisar Faransa ta ɗan sassauta sharaɗin, ta cire buƙatar a tabbatar cewa manufar ita ce a sa mutane su yawaita sayen sabo, amma ganganci yana nan a cikin dokar.

Shi ya sa hukumomi suka fi bi ta ƙofar yaudara, kuma misali mafi bayyana daga wayar hannu ya zo. A watan Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da zamba a kasuwanci ta Faransa, DGCCRF, ta sanar cewa Apple zai biya yuro miliyan 25. Ƙarar da aka shigar tun farko ta gajarta ran kaya ce, saboda sabunta manhaja yana rage saurin wasu tsofaffin iPhone. Amma abin da aka kama kamfanin da shi a ƙarshe shi ne rashin sanar da mutane cewa sabuntawar za ta iya yin haka. Italiya ma a watan Oktoban 2018 ta ci Apple yuro miliyan 10, Samsung miliyan 5, kan sabunta manhaja da rashin cikakken bayani ga masu waya. A duka biyun tambayar da ta yi aiki ita ce: yaushe kuka sani, kuma me kuka gaya wa mutane bayan kun sani?

Wannan tambaya ce ta fi dacewa da zamiya. In kamfani yana karɓar dubban hannaye a cibiyar gyaransa da ciwo iri ɗaya, ya canza ƙirar ciki a ɓoye, amma a fili ya ci gaba da ce wa mutane su sabunta manhaja ko su sake saita sanda, to akwai abin da hukuma za ta riƙe. Ba sai ta shiga zuciyar injiniya ba. Ranakun da ke kan takardun kamfanin sun ishe ta.

Tarar da aka ci Sony, wadda mutane ke yawan fahimta a baibai

Akwai wata tara da ta shafi hannun gem kai tsaye, kuma nakan ji ana ba da labarinta kamar ta zamiya ce, alhali ba ita ba ce. A watan Disamban 2023 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta ci Sony, mai ƙera PlayStation, tarar yuro miliyan 13.5 kan hannayen PlayStation 4. Wani kamfanin Faransa mai ƙera hannaye, Subsonic, shi ya kai ƙara. Hukumar ta gano cewa tun daga watan Nuwamban 2015 Sony ya sa wasu matakai a manhajar na'urar da sunan yaƙi da jabun kaya, waɗanda suka riƙa sa hannayen wasu kamfanoni marasa lasisinsa suna yankewa daga na'urar, musamman bayan an sabunta ta. Matakan ba su bambance jabu da halastaccen kayan wani kamfani ba, duka suka haɗa. Sannan kamfanonin da suka nemi shiga tsarin lasisin ba a bayyana musu sharuɗɗan shiga ba.

Wannan shari'a ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin a can ma mai saye hannu mai matsala ya gani. Ya sayi mai rahusa, yana cikin wasa ya yanke, ya ce ai dama kayan banza ne, ya je ya sayi na asali. Bai san cewa daga na'urar aka yanke shi ba. Ni kaina an sha kawo mini hannayen da ba na asali ba a kan suna yankewa, in buɗe in auna komai in tarar lafiya lau, in rasa abin da zan ce wa mai shi. Irin wannan aibi mai gyara ba zai taɓa ganinsa da abin awonsa ba, sai hukumar da ke da ikon ta ce a kawo mata takardu. Kuma yana da alaƙa da tambayarka ta uku: in babu wanda zai iya sayar maka da hannu mai inganci sai mai na'urar, me zai tilasta masa ya gyara sandarsa?

Ostareliya ta bi ta wata ƙofar. A 2020 kotun tarayyarta ta ci reshen Sony na Turai dalar Ostareliya miliyan 3.5, ba don kaya sun lalace ba, sai don an gaya wa masu saye cewa ba za a mayar musu da kuɗin wasan da suka sauke ba ko da yana da matsala, abin da ya saɓa wa dokar ƙasar. Kamfanin Valve, mai sayar da wasannin kwamfuta, shi ma an ci shi tarar miliyan 3 a 2016 kan magana makamanciyar wannan.

A Amurka kuwa labarin ya fi karkata ga kotu, kuma a can ne masu saye suka fi shan wuya. An kai ƙarar Nintendo, an kai ta Microsoft a 2020 kan hannayen Xbox, an kai ta Sony a 2021 kan DualSense. Abin da ya tare mafi yawansu shi ne yarjejeniyar nan da kowa ke danna amincewa da ita ranar da ya kunna sabuwar na'ura ba tare da ya karanta ba. A ciki akwai sharaɗin cewa duk saɓani sai dai a kai shi gaban mai sasanci, mutum ɗaya-ɗaya, ba taron dangi a kotu ba, kuma tun 2011 Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙarfafa irin wannan sharaɗi. Wasu iyaye sun gwada cewa ai 'ya'yansu ne masu na'urar, yaro kuma yarjejeniya ba ta ɗaure shi, alƙali ya ce iyayen ne suka saya, su ne masu ita. Wa zai ɗauki lauya ya tafi sasanci shi kaɗai a kan hannu guda?

Abu ɗaya ne ke sa hukumomin can su tashi da sauri, shi ne rauni a jiki. A shekarar 2000 ofishin babban lauyan jihar New York ya sa Nintendo ya amince zai raba safar hannu ga masu wasan Mario Party, saboda yara suna murza sanda da tafin hannu har fata ta saɓule, ya kuma biya dala 75,000 kuɗin bincike. A ƙarshen 2006 aka canza miliyoyin igiyoyin ɗaure hannun Wii, wata na'urar Nintendo, saboda suna tsinkewa hannun ya tashi sama. Zamiya ba ta fasa wa kowa goshi, aljihu take ci a hankali, shi ya sa take jira a bayan layi.

Ina kuɗin yake zuwa, kuma me ya sa ba a daina ba

Tara baitulmalin gwamnati take shiga. Ko sisi daga yuro miliyan 13.5 ɗin nan bai je aljihun wanda hannun gem ɗinsa ya riƙa yankewa ba. Tara horo ce, diyya kuwa hanyarta daban, sai an nema ta kotu ko an cimma yarjejeniyar da ta tanadi mayar da kuɗi. Hakan yakan faru jefi-jefi: a 2022 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa Epic Games, mai wasan Fortnite, ya ware dala miliyan 245 don mayar wa mutanen da tsarin maɓallansa ya sa suka yi sayayya ba da niyya ba. Amfanin tara ga mai saye a kaikaice yake zuwa. Hukuncin hukuma yakan zama hujjar da za a ɗauka a nemi diyya da ita, kuma sau da yawa ana tilasta wa kamfani ya buga sanarwar laifinsa a shafinsa, kamar yadda aka sa Apple ya yi na wata guda a Faransa. Kamfanoni sun fi jin zafin wannan fiye da yadda mutane ke zato.

Dalilin da ya sa matsalar ba ta ƙare ba kuwa lissafi ne. Sashen wasanni na Sony yana cinikin sama da yen tiriliyan 4 a shekara, wato tarar Faransa ba ta kai cinikinsa na yini guda ba. An sayar da Switch sama da miliyan 150, mafi yawansu da Joy-Con biyu a kwali. Ko ɗan ƙaramin ƙari aka yi a kuɗin kowace sanda, in aka ninka shi sau ɗaruruwan miliyoyi, zai haura irin wannan tara ta Faransa. Ga kuma abin da ba a son faɗa: duk hannun da ya mutu bayan garanti, sabon ciniki ne. Ba na cewa wani ya zauna ya ƙulla haka. Ina cewa babu abin da ke matsa wa kamfani ya yi gaggawar kashe kuɗi don ya rage wa kansa ciniki.

Maganin kuwa ba sabo ba ne. Akwai sandar da ke aiki da maganaɗisu, bisa abin da Edwin Hall ya gano tun 1879: maganaɗisu yana motsi kusa da ma'auni, ma'aunin yana jin sauyin ba tare da sun taɓa juna ba, don haka babu abin da ke kankarewa. Kamfanin Sega ya sa irinta a hannun na'urarsa Dreamcast tun ƙarshen shekarun 1990, kuma yanzu ƙananan kamfanoni da yawa suna sayar da ita. Ba ta da tsarki daga kowane aibi, sifirinta yana iya saki, kuma maganaɗisun da ke kusa yana iya rikita ta. Switch 2 da ya fito a watan Yunin 2025 da maganaɗisu hannayensa ke manne wa jikinsa, kuma Nintendo ya tabbatar sandunan ba irin na Hall ba ne, ya ce dai an sake ƙera su daga tushe. Sony kuwa a 2023 ya fitar da DualSense Edge, wanda ake zare sandarsa a sa sabuwa ba tare da narka dalma ba. Ke nan an san yadda ake yi, sai dai a hannu mai tsada aka sa shi.

Dokokin ma suna ƙara nauyi. Tarayyar Turai ta tanadi cewa a manyan laifukan da suka ratsa ƙasashe, rufin tara kada ya gaza kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a ƙasashen da abin ya shafa. Birtaniya, da dokarta ta 2024, ta ba hukumar gasarta ikon cin tara har kashi 10 cikin ɗari na cinikin duniya ba sai ta bi ta kotu ba. In da ni ake tambaya, da na fi son a wajabta abu biyu a kan a ninka tara: a rubuta ran sanda a jikin kwali kamar yadda ake rubuta awannin ƙwan lantarki, kuma a yi ta yadda mai sukuddireba zai iya canza ta.

Abin da ke hannunka

Dole in faɗi iyakar abin da idona ke gani. Hannayen da ke zuwa teburina marasa lafiya ne kaɗai, masu lafiya suna gida ana wasa da su, don haka daga aikina ba zan auna maka ko kashi nawa ne ke lalacewa ba. Abin da zan iya shaida shi ne, in na buɗe mai zamiya, mafi yawan lokuta gurbin nan nake tararwa a kan kabon, kuma sau da yawa hannun a waje tsaf yake, ba alamar faɗuwa ko jiƙewa. Saboda haka kada ka yi saurin ɗora wa yaran laifi. Na taɓa ganin uba yana yi wa ɗansa faɗa a gabana kan ya lalata hannu, na buɗe na nuna masa shimfiɗar da ta cinye a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ya yi shiru. Yaron wasa kawai ya yi da abin da aka yi don wasa.

In zamiya ta fara, ka shiga saitin na'ura wurin gwajin sanda, ka ɗauki bidiyon alamar tana motsi ba a taɓa ba, da kwanan wata. Ka adana rasit. Ka fara komawa wurin wanda ya sayar maka, domin a dokoki da yawa, har da na Turai mai garantin shekara biyu, shi ne ke da alhakin farko, ba mai ƙerawa ba. Daga nan ka duba ko kamfanin yana da shirin gyara kyauta a yankin da aka sayi na'urar, tunda waɗannan alkawura yanki-yanki ake yin su, kuma na'urar da aka sayo daga wata ƙasa takan faɗa tsakani. Kada ka buɗe hannun muddin yana cikin garanti. A Amurka FTC ta gargaɗi kamfanoni a 2018, ciki har da manyan masu na'urorin gem uku, cewa wasu sharuɗɗan soke garanti, irin su tambarin nan mai cewa garanti ya ɓaci in an ɓalle shi, sun saɓa wa doka, amma ba ko'ina ake da wannan kariya ba.

In an ƙi sauraronka, ka rubuta koke ga hukumar kare masu saye ta ƙasarka ko da kana ganin ba za a yi komai ba. Takardu 25,000 ɗin da BEUC ta kai gaban Hukumar Tarayyar Turai mutum ɗaya-ɗaya ne suka rubuta su, sarkin yawa kuma ya fi sarkin ƙarfi. In garanti ya riga ya wuce, feshin wanke mahaɗar lantarki yakan ba da sauƙi na 'yan makonni in ƙura ce, amma ba ya mayar da kabon da ya kankaru. Faɗaɗa da'irar tsakiya a saitin wasa shi ma jinkiri ne kawai. Hannaye ukun nan da ka ajiye, in ba ka zubar ba, kai su wurin mai gyara ka ce a sa musu sanda mai maganaɗisu in akwai ta irinsu, sannan ka tabbatar ya saita tsakiyarta ya gwada a gabanka kafin ya rufe, domin sabuwar sanda da ba a saita ba ita ma zamiya za ta yi tun ranar farko.